Shuɗin Fitila a Hanyar Tchaké

Ku da kuka taso kuka tarar da ni na bar tuƙi, kun sha jin tsofaffin tasha suna kirana Ɗanjuma Mai Shuɗi, kowannenku kuma ya ƙago nasa dalilin. Sa'adatu ta ɗauka wani rawani ne nake naɗawa a da. Kai kuwa Habibu, da kunnena na ji ka ta bayan katanga kana gaya wa abokanka wai soja ne suka kulle ni don na sa wa mota fitilar gwamnati. Ba rawani, ba kulle. Zan faɗa muku yadda abin ya kasance, tun da mahaifiyarku Rabi, wadda za ta gyara mini in na karkace, ta riga mu gidan gaskiya.

Shekarar ce da soja ke kan mulki bayan ƴan shekarun da aka yi ana siyasa, ruwa kuma ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fidda kai. Daga gonarmu ta Maijirgi har gonakin arewa, zangarniya ta tsaya tsaye ba ƙwaya. Kafin bazara ta kama, rumbuna sun zama wurin da kaji ke fakewa. Muna zaune Tasawa a lokacin, ni da Rabi da ku ƙanana, da Inna, mahaifiyata, wadda ƙafa ta fara hana ta fita amma baki bai gaji ba. Abin da ke riƙe da gidan tsohuwar bashe ce, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da rumfar tamfol. Ni da Yaya Sanusi muka haɗa hannu muka saye ta bayan rasuwar mahaifinmu. Kasonsa ya fi nawa, don haka shi ke da magana, ni ke da tuƙi.

Yaya ne ya samo mana aikin kai hatsin taimako daga magazan, wato ɗakin ajiyar hatsi na Tasawa, zuwa Mayahi, har mu wuce Tchaké. Aiki ne da kowane mai mota ke nema ido rufe, don bayan ladan dako, abin da ya zube a bayan mota na direba ne. Rabi kan shiga da tsintsiya ta share kowane lungu, ta sheƙe, ta wanke, ya zama tuwon dare. Sai dai layin lodi dogo ne, ba a sallamar mu sai la'asar ta yi sanyi, saboda haka kullum magariba a hanya take riskata.

A cikin wannan bazarar na fara lura fitilun gaba sun yi rauni. Rana na faɗuwa sai hanya ta haɗe mini, ban rarrabe rairayi da rami. Na wanke gilashi da toka, na goge kan batir, na sa makanike ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ce lafiyarsu lau. Ana haka ƙwan fitilar hagu ya mutu, sai na ce to ga dalili, tsufa ne ya kama su. Ranar kasuwa na zare mataccen na sa a aljihu na nufi rumfar Alhaji Ila mai kayan mota, mutum ne da ke sauka Kano sayayya, ba ya dawowa sai da wani abin da ba mu taɓa gani ba.

Ya karɓi ƙwan ya juya shi, ya ƙirga ƙafafunsa da yatsa, sannan ya jera mini iri uku a kan tabarma. Na farko rawaya, irin wanda motocinmu ke zuwa da shi tun daga ƙasar Faransa. Na biyu fari tas. Na uku yana cikin ɗan kwali mai taga, da ya fiddo shi sai na ga gilashinsa shuɗi-shuɗi, kamar an tsoma shi a rini an ciro da sauri.

Na ce, "Alhaji, wanga fa? Na ado ne?"

Ya ce, "Ado? Wannan shi ne sabon ampul. Samarin Kano ba su sa wani. In ka kunna shi, dare ya koma hantsi."

Na kai hannu, ya buge mini yatsa.

"Ba a taɓa gilashin da hannu, Malam Ɗanjuma. Maiƙon yatsa ke fasa shi in ya yi zafi. Ka kama da tsumma."

Ku da kuka san ni kun san halina, ba na iya wuce abu ban tambayi yadda aka yi shi ba. Na zauna a rumfar nan har inuwa ta juya. Na tambaye shi ko shuɗin a cikin gilashin yake ko shafa shi aka yi, ya ce bai sani ba. Na tambaye shi ta yaya abu mai shuɗi zai ba da haske fari, ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba malamin makarantar lakkol ba. Da ya gaji da ni sai ya jawo batir daga ƙarƙashin tebur, ya sa aka rufe bakin rumfar da bargo, ya haɗa waya. Rawayan ya haska bango kamar fitilar ƙwai mai ƙarfi. Farin ya fi shi. Da aka zo kan shuɗin sai na ga wani irin haske mai sanyi, kamar na farin wata a daren sha huɗu, har zaren buhun da ke rataye ina iya ƙirgawa. Na duba ƙafafunsa na ga sun dace da mazaunin namu. Na ɗauki biyu.

A gida kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Da na kunna su a ƙofar gida, farar katangar maƙwabcinmu ta yi wal, yaran unguwa suka taru suna ihu. Inna ta sa aka kamo ta har zaure, ta kare ido da tafin hannu.

Ta ce, "Ɗanjuma, wanga haske ba na mutane ba ne. Wuta ja ce tun da Allah ya halicce ta. Ka tabbata ba ka kira mana abin da ya fi ƙarfinmu ba?"

Rabi kuwa ta bari sai da muka shiga ciki. Tana zuba mini ruwa ta ce, "Malam, waɗancan na da ai ban ga laifinsu ba." Na ce ita da ba ta tuƙi ina za ta sani.

Maganar soja da Habibu ya ƙara wa gishiri, ga asalinta. A shingen da ke bakin gari akwai wani soja dogo, ba ya dariya, direbobi duk shakkarsa muke. Ranar farko da na iso da fitilun a kunne, sai na ga ya miƙe tsaye ya gyara hula, ashe ya ɗauka motar wani babba ce. Da ya ga tsohuwar bashe da buhuna, ya zagayo gaba ya tsuguna.

"Direba, kashe. Kunna. Sake kashewa."

Na yi ta yi. Can ya miƙa hannunsa cikin hasken yana juya shi.

Ya ce, "Kai! Dubi hannuna, kamar ba jini. Ina ka samo wannan?"

Na ce, "Kasuwa, shef."

Ya kira ɗan'uwansa, suka yi ta gardama da Faransanci kan ko doka ta yarda da shi. Ba wanda ya san amsa a cikinsu. Daga ƙarshe ya ɗaga shingen ya ce in tafi, amma in na dawo in gaya masa ko ana ganin hanya da shi. Iyakar kamun da aka yi mini ke nan.

Amsar da zan ba shi kuwa ban same ta da sauƙi ba. A cikin gari, inda akwai farin bango da mutane masu fararen riguna, hasken ya burge ni. Amma da na bar kwalta na hau jar hanya, sai na ji kamar ina leƙa rijiya. Idon akuya kan ƙyalla daga nesa, ita akuyar ban ganin ta. Na ce wataƙila sai ido ya saba. A ƙauyuka kuwa suna ya riga ya bi ni, mata na hango shuɗin daga nesa su ɗauko ƙwarya su fito, sun san hatsi ya iso.

Wata yamma, bayan mun wuce Mayahi, ina ɗauke da wani dattijo a gaba, Agali, makiyayi ne daga wajen Tchaké da ya kawo ragowar tumakinsa kasuwa ya rabu da su. An yi magariba ba da jimawa ba, sama ma da sauran ja. Ina cikin tafiya sai ya daka mini tsawa ya damƙi hannuna.

"Amalanke! Amalanke gabanka!"

Na taka burki da ƙafa biyu, motar ta ja rairayi ta karkace, buhuna suka zame. Da ƙura ta lafa, kan jaki yana daidai bakin motar. A kan amalanken mace ce da goyo, da wata tsohuwa, da tukwane da tabarmi, maigidan yana riƙe da igiya ya daskare. Masu barin gida ne, sun nufi kudu neman abinci. Ba wanda ya ji ciwo. Na sauka ina ba su haƙuri, mutumin ya ce ba komai, Allah ya tsare.

Da muka koma mota Agali ya dube ni ta saman rawaninsa.

Ya ce, "Tun daga wancan gawon nake kallon su. Na ɗauka kai ma kana gani."

Na waiga ban ga gawo ba.

Hanyar dawowa na yi ta da safe, ina ta juya abin a raina. Ni dai har lokacin fitila nake tuhuma, na ce Alhaji Ila ya sayar mini da ado. Amma ban so in yanke hukunci da ka, ina son in gwada. Na zare shuɗin dama na mayar da tsohon rawayan da bai mutu ba, mota ta zama ido ɗaya rawaya ɗaya shuɗi. Bayan sallar magariba na ce wa Rabi ta yafa gyale ta raka ni bayan gari, ina buƙatar idon wani. Muka ɗauki turmi da farin buhu da baƙar tukunya. A wani fili kusa da makiyaya na sa ta jera su nesa-nesa, ta dawo ta zauna a gaba kusa da ni. Na rufe fitila ɗaya da bargo, na shiga na kunna.

Na ce, "Wanga rawayan ne. Me kike gani?"

Ta ce, "Ga turmi, ga buhu, ga tukunya can baya. Akwai ma ɗan rami gefen turmin."

Na sauka na mayar da bargon ɗaya ɓangaren.

"Yanzu fa?"

Ta ɗan sunkuya. "Buhun ya fi fitowa, kamar an wanke shi. Amma ƙasa ta yi duhu, ramin ya ɓace. Tukunyar da ƙyar."

Na ji daɗin wannan bayani ƙwarai, har na fara cewa ashe shuɗin rage haske yake, yana fito da fari ya haɗiye ja. Ina cikin zuba sai ta katse ni.

"Kai me ka gani, Malam?"

Na ce na ga buhu.

"A wace fitilar?"

Na ce a duka biyun, buhu kawai, shi ma kamar hayaƙi.

Ta buɗe ƙofa ta fita, ta taka cikin hasken har ta ɓace mini. Na ji muryarta daga gaba tana cewa in faɗi hannun da ta ɗaga. Na zura ido har hawaye ya zubo. Ban ga Rabi ba, balle hannunta. Ta dawo ta tsaya jikin taga, ta yi magana a hankali don kada ta kunyata ni, ko da yake daga mu sai tumakin mutane.

"Ba fitila ba ce. Dundumi ne. Na daɗe ina lura, in magariba ta yi sai ka laluɓi buta da ƙafa. Shekaranjiya ka taka kwanon Inna ka ce an ajiye shi a hanya."

Na ce dundumi ai ciwon mata masu ciki ne.

Ta ce, "Shi ya sa na san shi. Da cikin Sa'adatu haka na yi, da rana garau, rana na faɗuwa sai a kama hannuna. Yaushe rabonka da nono? Yaushe rabonka da miyar ganye? Gari da ƙuli kake ci a hanya, ka zo gida ka ce ka ƙoshi don yara su samu."

Muka kwashe turmi da tukunya. Ita ta riƙa gaya mini inda zan karya har muka iso gida.

Da Inna ta ji, sai ta yi dariya har da tari, ta ce ita dai ba ta taɓa jin namiji ya ɗauki ciki ba sai a gidanta, Allah ya raba lafiya. Amma daren nan na ji ta tana jan carbi fiye da yadda ta saba.

Shawarar da ke gabana ba ta da daɗi ko ta ina. In na yi shiru, ba wanda ya sani sai Rabi da Agali, kuma ba masu surutu ba ne. Zan iya rage gudu, in ɗauki wani a gaba ya zama idona, hatsi ya ci gaba da shigowa gida. In na faɗa, aikin ya tafi, don magazan ba za su sauya lokacin lodi saboda idon Ɗanjuma ba. Na kwana biyu ina aunawa. Duk lokacin da na karkata ga yin shiru sai in ga kan jakin nan da ƙafar jaririn da ke leƙowa daga zanen goyo. Rana ta uku na je na sami Yaya Sanusi a zaurensa.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Wata nawa ya rage a yi shuka? Ka daure mana. Gida biyu ke ci daga motar nan."

Na ce, "Yaya, ba zan tuƙa bayan magariba ba."

"To waye zai tuƙa?"

"Ka nemi wani."

Ya ce, "Ka san in na sa wani, sharar hatsin bayan mota ta zama tasa."

Na ce na sani. Ya miƙo hannu na ba shi makulli. Bai raka ni ƙofa ba, kuma har aka yi girbi magana ba ta haɗa mu ba sai sallama. Ban riƙe shi a zuciya ba, ku ma kada ku riƙe shi. Shi ma ɗiya tara gare shi a lokacin.

Abin da ya biyo baya wasunku sun tuna shi, ko da ba su san dalili ba. Shi ne lokacin da muka kulle gidan Tasawa muka koma Maijirgi a kan amalanke, Inna a kwance a kan tabarmi tana yi wa jakin faɗa. Shi ne lokacin da aka kai Sa'adatu da ƴar'uwarta Mariya wurin kakanninsu na wajen uwa, Mariya ta yi ta kuka ta riƙe ƙafar gado. Rabi ta fitar da tasoshin aurenta ɗaya bayan ɗaya ba ta gaya mini ba, sai dai in ga jeren ɗaki yana raguwa. Mun ci dusa, mun ci ganyen jiga, mun ci anza da aka jiƙa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Akwai ranakun da na zauna ina jin kukan Habibu, ina tambayar kaina ko taurin kai na yi. Har yau in na tuna ban da amsa guda. Na dai san ba a ɗauko gawar kowa daga gaban motata ba.

Na je gidan likita, majo, babban ma'aikacin jinya, ya ja fatar idona ya duba, ya ce abin da Rabi ta faɗa, ya ba ni wasu ƙwayoyi masu mai a ciki, ya ce in samu hanta. Hanta kuwa ita ce abin da bai yi wuya ba a shekarar, don dabbobi na faɗuwa, mahauta na yanka fiye da masu saye. Rabi kan gasa ta sama-sama, ta tsaya a kaina sai na cinye, in na ce a ba yara ta ce nasu na nan, ko da na san ɗan kaɗan ne.

Zaman ba aiki ya ba ni lokacin biyan wata buƙata. Ƙwan shuɗin da na zare yana aljihuna cikin tsumma. Wani hantsi na ɗauki aska na kankare gefensa, sai ga shuɗin yana tashi kamar ɓawon albasa, ƙarƙashinsa farin gilashi ne irin na kowa. Na ɗaga shi sama na kalli rana ta cikinsa, wajen da na kankare ya fi haske. Na kira Rabi na nuna mata. Ta ce, "To, sai ka huta." Da na shiga Tasawa na kai wa Alhaji Ila ya gani, ya yi ta mamaki, amma bai daina sayarwa ba, samari kuma ba su daina saye ba. Sojan nan ma na tsaya na ba shi amsarsa: a gari kyau, a daji a nemi rawaya ko fari.

Mota ba ta dawo hannuna ba sai bayan kaka, da Yaya ya aiko aka kira ni, muka zauna, ya turo mini makulli a kan tabarma ba tare da dogon zance ba. Na yi ƴan shekaru bayan haka ina tuƙi. Amma abin da na fi so ku sani ya faru ne tun kafin nan, a tsakar gidanmu na Maijirgi.

Rabi ta ɗauki wata al'ada. Kullum in an idar da magariba sai ta ajiye wani abu a gindin rumbu, ta dawo ta zauna ta ce in faɗi ko mene ne. Na yi ta faɗuwa. In ce tukunya, ta ce takalmi ne. In ce kaza, ta ce tsintsiya ce. Wani lokaci in fusata in ce ta daina mai da ni abin wasa, gobe ta sake ajiyewa. Aka yi ruwan shuka, muka shuka irin da muka ɓoye wa cikinmu, gero ya tsiro, ita ba ta fasa ba.

Wata yamma mun dawo daga noma, ƙasa na ƙamshin ruwa, na yi salla na zauna a tabarma. Ta ce, "To, Malam." Na ɗaga kai ba tare da na sa rai ba.

Na ce, "Ludayi ne."

Na ƙara da cewa, "Ludayin duma ne, kin kifa shi. Bakinsa ma ya tsage, an ɗinke da zare."

Rabi ta tashi ta je ta ɗauko shi, ta juya shi a hannunta tana duba ɗinkin kamar ba ita ta yi shi ba. Sai ta zauna a ƙasa inda take, ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Inna ta leƙo daga ɗaki tana tambayar abin da ya faru. Aka gaya mata.

Ta ce, "Alhamdu lillahi, an sauka lafiya. Rabi, tashi ki ɗora ruwa, maijego zai yi wanka."